Taku Biyar, Ɗaki Guda

Ku yaran yanzu da kun ga ana ɗora bulo a kan bulo sai ku ce gini ba wani abu ba ne, kwana uku kun iya. Ran nan a wurin wani aiki a Gwallaga ɗaya daga cikinku ce mini ya yi, "Baba Garba, ai yanzu komai yana cikin waya." Na miƙa masa shebur na ce to bismilla, wayar ta kwaɓa mana. Ku gyara zama in ba ku labarin wanda ya koya mini aikin nan, ku ji inda wuyar take. Wuyar gini tana wurin awo, tun ba a sa diga a ƙasa ba.

Kakana ne, mahaifin babana. Sunansa Buba, amma a duk unguwar Ƙofar Ran, Saje ake ce masa. Ya je yaƙin Turawa har ƙetaren teku, ya dawo da lambobi a ƙirji, da tabo a gwiwar hagu, da wani irin Turanci wanda ko Baturen da ya koya masa ba zai gane ba. A soja ya koyi gini, su ne masu yin bariki da kwalbati. Da aka sallame su ya dawo gida ya ci gaba da riƙe cokalin gini. Lokacin da Bauchi ta zama babban birnin jiha, ma'aikata suka yi ta kwararowa kowa yana neman ɗaki, Saje ba ya kwana biyu babu aiki.

Ni ban shiga hannunsa da wuri ba. Sai da na gwada ɗinki na ɓata wa mutane yadi, na gwada kanikanci na kwance babur ɗin wani malami na kasa mayarwa, na yi aure har da haihuwa, sannan babana ya gaji ya kai ni wurinsa. Saje ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wannan kurtun ko tsayuwa bai iya ba." Daga ranar sunana ya zama Kurtu. A gida muna wasanmu na jika da kaka, in ce zan ƙwace masa mata, ya ce in fara sayen sabulu tukuna. Amma da mun isa wurin aiki ba ya da jika.

Kowace safiya sai an yi faretin kayan aiki. A shimfiɗa buhu, a jera cokali, kwanon sarki, shebur, diga, guduma da igiya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya hannu a baya. In ya ga busasshen siminti a jikin cokali, mai cokalin zai kama kunne ya zagaya tsibin yashi da tsallen kwaɗo. Shekara guda cur ban taɓa bulo da sunan ɗorawa ba. Aikina ɗaukar kwanon sarki, da ba bulo ruwa, da kwaɓi. Daga nesa yake jin ƙarar shebur ya ce, "Kurtu, kunu kake damawa? Ƙara yashi!" In ka duba kuwa gaskiyarsa ce, ruwa ya yi yawa.

Abu ɗaya ne babu a kan buhun nan: tef na awo. Saje ya ce tef na farar hula ne. Shi da ƙafarsa yake awo. A soja an daidaita masa taku, kowanne ƙafa biyu da rabi, ba ragi ba ƙari. Taku biyar ɗaki guda ke nan, ƙafa goma sha biyu da rabi, rabin nan na kaurin bango. Sai a kafa turke, ya sa diddige a jikinsa, ya ƙame, ya turo ƙirji, ya ba kansa oda da ƙarfi: "Lef, rai, lef, rai, lef, holt!" Ya buga ƙafa ƙasa. Inda diddigen ya sauka, nan za mu kafa turke na biyu. Kafintoci sun sha bin bayansa da tef don su kama shi, ba su taɓa samun ko rabin inci ba. Har ta kai in mutum zai ba da hayar ɗaki sai ya ce, "Awon Saje ne," ba a ƙara tambaya.

Aikin da ya fara buɗe mini ido shagon Mama Ngozi ne a Gwallaga, wata 'yar kasuwa mai sayar da kwanuka da robobi. Saboda yarda da Saje, tun muna fandisho ta sa kafinta ya buga mata doguwar kanta mai ƙafa goma sha biyu, wadda za ta cika bango daga kusurwa zuwa kusurwa. Ran da muka gama filasta aka kawo kanta a kura. A juya nan, a juya can, a karkata, ƙato huɗu suna nishi, kanta ta ce ba da ita ba.

Mama Ngozi ta ɗora hannu a ka. "Saje, shago na ya yi ƙarami! Wane ne ya cinye ƙafa ɗaya na?"

Saje bai ko dubi bangon ba. Ya juya wurin kafinta ya ce, "Kai, tef ɗinka ya sha rana ya miƙe. Yanke katakon nan." Kafinta ya buɗe baki, ya dubi lambobin da Saje ke maƙalawa a rigar aiki, ya rufe, ya ɗauko zarto yana gunguni. Da Saje ya tafi sallar la'asar na ari tef ɗin na auna. Ƙafa goma sha ɗaya. Na sake daga ɗaya kusurwar, goma sha ɗaya dai. A aikin da ya biyo baya na zuba wa macinsa ido. Ƙirjin yana nan, muryar tana nan, amma ƙafar hagu ba ta kai inda take kaiwa da.

Na rasa wanda zan gaya wa, sai na je wurin kakata Dada. Na same ta tana tankaɗe a ƙofar ɗaki. Ban gama bayani ba ta ce, "Angona, sai yau ka gani? Da daga ƙofar nan zuwa rijiya taku takwas yake yi. Yanzu tara ne da ɗoriya. Shekaranjiya ina jinsa yana cewa rijiyar ce ta matsa."

Na ce, "To ai sai a gaya masa, Dada. Ɗakunan mutane muke ragewa."

Ta ajiye rariya. "Ran da ka gaya masa, ran nan ka zaunar da shi. In kuwa mutumin nan ya zauna, ba zai sake tashi ba, ni na san abina. Kai ba ka da hannu ne? In ya kafa turke ya juya baya, ka matsar."

Haka aka yi. Na sayi tef ina ɓoye shi a cikin hula. Saje yana da al'ada, da ya gama maci sai ya tafi duba yashi, ya damƙa, ya shinshina, ya yi wa mai tifa faɗa. Kafin ya dawo na auna, na zare turaku na mayar inda ya kamata, leburori suna kare ni da jikinsu suna waƙar ƙarya. Shekara biyu muna wannan. Ɗakuna suka koma sha biyu cif, sunan Saje ya ci gaba da tashi, shi kuma yana ta yi wa kafintoci gori. Da farko kullum sai na auna. Daga baya na haddace abin: ragin ya kai ƙafa ɗaya da rabi a kowane ɗaki. Sai na daina wahalar zaro tef, in ƙara kawai da ka. To ku riƙe wannan, domin nan kurtancina ya fito fili.

Sai ga shekarar da siminti ya ɓace a gari. Ku ba ku san wannan ba. Mutum ya wuni a layi ya dawo da buhu ɗaya, ko ya dawo da ciwon ƙafa kawai. Gine-gine suka tsaya a linta ciyawa ta fito a cikinsu, birkiloli suka koma noma da dako. Mu abin da ya cece mu Saje ya iya ginin ƙasa tun na iyaye, muka koma yaɓen katanga da gyaran soro muna samun na tuwo.

Aikin bulo ɗaya tak muka samu a shekarar, a ƙauyen Miri. Na Baba Yohanna ne, abokin Saje tun a soja, shi ne mai busa musu begila. Ya yi shekaru yana buga bulo kaɗan-kaɗan, yana ɓoye siminti a ƙarƙashin gado kamar mai ajiyar zinariya. Filinsa ɗan siriri ne, daga wani dutse zuwa gonar maƙwabcinsa Malam Isa, ɗaki uku ne cif a jere, taku goma sha biyar. Ranar awo Saje ya aike ni cikin gari neman mai tifa. Ban dawo ba sai azahar, na tarar tsofaffin sun shiga cin abinci, turaku a kafe, leburori sun tafi rafi. Na ce madalla. Na zare, na ƙara ƙafa ɗaya da rabi sau uku, na mayar, na share sawuna.

Abin da ban sani ba, da safen nan Baba Yohanna ya fito da tsohuwar begilarsa ya busa wa abokinsa. Saje da ya ji wannan sauti ya manta da gwiwa, ya manta da shekaru, ya yi macin saurayi. Takunsa ya fito cikakke. Ni kuma na zo na ƙara a kan cikakke.

Rani ne, shanu sun tattake gonaki, ba ka gane iyaka, Malam Isa kuma ya tafi cin rani. Muka haƙa, muka zuba fandisho, muka yi ta ɗorawa. Baba Yohanna yana shiga yana fita yana murna, "Saje, ɗaki nan ya yi girma kamar na hafsa!" Saje ya lura bulo yana ƙarewa da wuri, ya ce wanda ya buga shi ɓarawo ne, ya rage masa tsawo. Ni ma na tofa, na ce wallahi masu bulon yanzu ba su da tsoron Allah.

Mun kai linta aka yi ruwan fari. Malam Isa ya dawo da garmarsa zai yi huɗa, ya tarar da bangon ɗaki a kan kunya biyu na gonarsa. Kafin hantsi ya tara mai unguwa da rabin Miri, har da surukaina, domin matata 'yar can ce.

Mai unguwa ya ce, "Saje, an ce kun shiga gona."

Saje ya ce, "Ranka ya daɗe, taku goma sha biyar na yi daga dutsen can. Ƙafata ba ta taɓa cin haƙƙin kowa ba. A ba ni hanya!"

Sanyin damina ya kama masa gwiwa tun asuba, na ga yadda ya sauko daga mota. Ya sa diddige a jikin dutse ya ƙame, ya bi gefen ginin. Lef, rai, lef, rai. Mutane suna ƙirgawa da ƙarfi. A na goma sha biyar ya ce "Holt!" ya buga ƙafa. Ya tsaya bai ko kai tsakiyar ɗaki na uku ba, bangon ƙarshe yana can gaba kamar a wata unguwa.

Malam Isa ya yi tsalle. "Allahu akbar! Jama'a ku shaida, shi da kansa ya nuna! Ashe ba kunya biyu aka ci mini ba, huɗu ne!"

Baba Yohanna ya zauna a ƙasa daɓas. In aka bi wannan awo, ɗakinsa na uku ya tafi, da filinsa na halal, da simintin da ba za a sake samu ba. Saje kuwa ya tsaya yana duban bango yana duban ƙafarsa. Wani daga baya ya ce, "Tsohon soja da cin iyaka." Wannan kalma ita ta fito da ni. Na cire hula, tef ya faɗo ƙasa a gaban kowa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne. Ni na matsar da turaku. Shekara biyu ke nan ina matsarwa, domin takun Saje ya ragu."

Saje ya juyo a hankali. "Me ka ce, Kurtu?"

"Takunka ya ragu, Kaka."

"Ƙarya kake."

Na kama bakin tef a jikin dutse na ja har diddigensa. Mai unguwa ya duƙa ya karanta, ƙafa talatin da uku. Ya kamata a ce talatin da bakwai da rabi. Ban taɓa jin kunya da tausayi sun haɗu mini irin na ranar ba, na fi son a ce ƙasa ta tsage in shige.

Sai Baba Yohanna ya miƙe ya shiga bukkarsa ya fito da begila. Ya ce, "Ranar awo na busa masa. A sake, yadda aka yi." Ya goge bakinta da gefen riga, ya kumbura kumatu. Sautin ya fito kamar na tsohon zakara, amma Saje ya miƙe kamar an zare masa ƙaya. Ya koma jikin dutse. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, gumi yana zuba, kowane taku na hagu sai ya cije haƙori, amma bai rage ko ɗaya ba. "Holt!" Na ja tef. Talatin da bakwai da rabi, cif.

Saje ya nuna ƙasa ya ce, "Nan ne iyaka. Malam Isa, kunya biyu naka ne, za a ba ka. Sauran na Yohanna ne." Sannan ya lalubi bulo ya zauna, abin da ban taɓa ganin ya yi a wurin aiki ba. Ya daɗe yana murza gwiwa kafin ya ɗago.

"Kurtu, wa ya ba ka oda?"

Na ce, "Dada."

Ya ce, "To, wannan kwamanda ce, ba ni da iko a kanta. Amma kai an ba ka oda ka gyara awo, ka yi ƙari ba ka auna ba. Kama kunne."

Ina da 'ya'ya biyu a lokacin, da gemu. Na kama kunne na zagaya gidan Baba Yohanna da tsallen kwaɗo sau uku, surukina yana kallo yana cin goro. Har yau in na je Miri akwai tsofaffin da ke tambayata ya gwiwa.

Bangon ƙarshe ni kaɗai na sauke shi, bulo ɗaya bayan ɗaya da kurfi da guduma, Saje ya ce in na fasa ko guda in nemo a inda na sani. Kwana tara na yi. Siminti babu, sai muka mayar da shi da kwaɓin jar ƙasa da ciyawa irin na da, Saje yana zaune yana nuna mini da sanda. Ɗakin nan yana tsaye har gobe, sai dai ya fi 'yan'uwansa ƙanƙanta, jikokin Baba Yohanna suna ajiye buhunan masara a ciki.

Na ɗauka maganar Dada za ta tabbata, domin kwana uku Saje bai fito ba. Rana ta huɗu da sassafe sai ga shi a ƙofar gidana da igiya mai ƙulli-ƙulli, tsakanin kowane ƙulli ƙafa biyu da rabi. Ya ce, "Ƙafata ta yi ritaya, bakina bai yi ba. Fito." Wata guda yana sa ni maci a kan igiyar nan a lungunmu, mata suna leƙowa ta katanga suna dariya, in na kuskure ƙulli ya ɗana mini sanda a ƙauri. Ran da na yi taku ashirin ido a rufe ban kauce ba, ya ce, "Ba laifi, Kofur." Daga nan a kowane aiki shi zai zauna a kan bulo ya ba da oda, ni in yi macin, in na gama ya ce, "Bi da tef ɗin farar hular nan naka, kada a ce." Shekara huɗu muka yi a haka, bai fasa fita ko rana ɗaya ba sai makon da ya kwanta.

Ran da ya rasu ina cikin masu haƙa kabari. Aka auna shi da karan dawa kamar yadda ake yi, aka kawo mana karan maƙabarta. Na shimfiɗa shi a ƙasa na duba. Mutumin da ya auna rabin ɗakunan Ƙofar Ran, taku biyu ne da ɗan kai. Hawaye ya hana ni ganin diga. Aka ja layi a bakin karan, ni kuma na sa ƙafa na share, na matsa gaba na ja wani.

Wani dattijo ya ce, "Garba, ka wuce kara."

Na ce, "Na sani, Baba."

"Ai ya yi tsawo."

Na ce, "A bar masa, ba ya son ɗaki ya matse."

Dattijon ya dube ni, ya miƙo mini diga. Muka haƙa a kan layina, kuma a cikin maƙwabtansa na can babu wanda ya tashi ya ce an ci masa iyaka.